Baƙo a Ƙasar Ƙanƙara: Haƙuri Ko Sabo?

Tun daga shekarar 1960, lokacin da aka buɗe jami'ar nan ta Mosko wadda aka sa wa sunan Patrice Lumumba a 1961, matasan Afirka suka yi ta kwarara zuwa Rasha neman ilimi. Abin da ya fara tarbarsu kafin malami ko littafi shi ne sanyi. A birnin Mosko, a ƙarshen watan Disamba, hasken rana bai wuce na sa'o'i bakwai ba, kuma a wasu ranakun Janairu ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 20 ƙasa da sifili. Mu da muka tashi inda hantsi ke korar jaura, wannan wata duniya ce daban.

Tambayar da muke son mu duba ita ce: me ya wajaba baƙo ya sauya a irin wannan wuri, me kuma ya wajaba ya riƙe? Mukan ce haƙuri maganin zaman duniya, amma haƙurin da ba ya tare da hankali ganganci ne. Ɗalibin da ya fita cikin dusar ƙanƙara da 'yar shara da takalmin fata, wai shi jarumi, zai iya rasa 'yan yatsunsa, domin jiki kan janye jini daga gaɓoɓi ya tattara shi ga zuciya. Mutanen ƙasar sun san cewa tufafi uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai nauyi, saboda iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi. Koyon wannan daga gare su tawali'u ne, kuma ba ya rage wa baƙo mutunci. Addini ma ya yi rangwame: a Risala ta Ibn Abi Zaid akwai babi kan shafa a kan huffi, sauƙin da mai alwala cikin sanyi ke matuƙar bukata.

To, amma masu iya magana sun ce sabo turken wawa. Sanyi kan kulle mutum a ɗaki, ya raba shi da zaman ƙofar gida da hirar bayan Isha'i. Tun yana jin kaɗaici yana damuwa, har ya wayi gari ya saba da shi. Ya daina leƙa ɗan'uwansa da ke kwance ba lafiya a hawa na biyar, ya daina aika saƙo gida. A nan ne gizo ke saƙar, domin sauyin ya wuce tufafi ya shiga hali.

Akwai kuma hukuncin da baƙo kan yanke wa masu masaukinsa. Idan ya ga mutum ya wuce shi da sauri, kai a sunkuye, babu doguwar gaisuwa, sai ya ce mutanen nan ba su san darajar ɗan'adam ba. Adalci ya nemi ya tuna cewa gaisuwarmu mai tambayar gida da iyali da gajiya ta samu gindin zama ne a ƙasar da tsayuwa a kan hanya ba ta cutarwa. Wanda iska mai daskarar da hawaye ke duka, karamcinsa a cikin ɗaki yake, inda zai tsiyaya wa baƙo shayi mai zafi.

Bisa ga haka, ma'aunin da muke ba 'ya'yanmu masu tafiya shi ne: duk abin da yanayi ya tilasta, na sutura da abinci da lokacin barci, a karɓe shi hannu bibbiyu. Abin da ya shafi zumunci da amana da kyakkyawan zato kuwa, sanyi ba shi da iko a kansa sai in mutum ne ya miƙa wuya. Wanda ya dawo da takardar digiri amma ya baro waɗannan a can, to, riba ƙalilan ya ciwo a fataucinsa.