Waken da ke cikin tiya, wane iri ne?

Ya kai mai karatu, idan ka shiga kasuwar Madarunfa ko ta Ɗan Isa sayen wake, kana duba ƙwayarsa, ka ga ko ya yi gunda. Amma yanzu akwai abin da ido ba ya gani.

A shekarar 2019 Najeriya ta amince da wani sabon irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda masana na Samaru ta Zariya suka yi aikinsa. An ɗauko wata ƙwayar gado daga wata ƴar mitsitsiyar halitta da ke cikin ƙasa, an sa wa waken. Tsutsar da ke huda kwanso, in ta ci shi sai ta mutu. Masanan sun ce feshi biyu ya ishe shi a damina. Hukumar da ta bincika shi ta ce ana iya cinsa.

Tsakaninmu da Jibiya ba nisa, kuma wake ba ya sanin iyaka. To, ga tambaya: tilas ne mai sayarwa ya faɗi irin waken da yake aunawa?

Wasu sun ce babu bukata. In abu ba ya cutarwa, rubutu a jikin buhu tsoro kawai zai sa wa mutane, manomi ya rasa ciniki. Wannan magana tana da nauyi.

Amma ka tuna, ba aibi kaɗai ake faɗa ba. Mai nama yana gaya maka na akuya ne ko na tunkiya, alhali dukansu halal ne. Kuɗinka ne, cikinka ne, gonarka ce. Kuma sani yana da rana. Burkina Faso ta fara noman kaɗa irin wannan a 2008, ta bari a 2016, don zarenta ya gajarta. Da ba a san wace kaɗa ce ba, ina za a gano dalili?

A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tilasta a rubuta a jikin kaya. Mu a nan, tiya ba ta da takarda. Takardarmu ita ce bakin mai awo.

Saboda haka in kana sayarwa, faɗi abin da ka sani. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. In kana saye, musamman irin shuka, karanta buhu, ka yi tambaya. Kada ka yi cinikin biri a sama.