Baƙon Marubuci: Tsakanin Kara da Faɗar Gaskiya

Duk wanda ya saba halartar tarukan ƙungiyoyin marubuta, a Kano ne ko Katsina ko Gusau ko Damagaram, ya san yadda ake yin ranar baƙo. A gayyato marubucin da ya yi suna, a karanta tarihinsa, ya karanto wani yanki na littafinsa, sannan shugaban taro ya ce fili ya buɗu don tambayoyi da sharhi. Daga nan sai yabo ya fara zuba. Wannan ya ce alƙalamin malam ya fi takobi, wancan ya ce bai taɓa karanta littafi irin wannan ba. A ɗauki hotuna, a watsa a Facebook da WhatsApp, a watse.

Sau da yawa a can kujerun baya akwai wata matashiya da ta karanta littafin daga bango zuwa bango. Ta lura cewa jarumar da aka ce marainiya ce a babi na biyu, an ga mahaifinta yana ɗaura mata aure a babi na goma. Ta lura an warware rikicin labarin da hatsarin mota saboda marubucin ya rasa mafita. Shin ta ɗaga hannu ta faɗa, ko ta yi shiru domin mutumin baƙo ne, kuma ya girme ta?

Masu cewa ta yi shiru suna da hujja mai ƙarfi. Bahaushe ya ɗauki baƙo da girma, har yakan ce baƙonka annabinka. Mutumin nan ya bar harkokinsa, wataƙila da kuɗin motarsa ya zo. Littafin ma galibi da kuɗin aljihunsa ya buga shi, domin haka harkar take tun ƙarshen shekarun 1980, lokacin da ƙungiyoyi irin su Raina Kama, wadda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suke ciki, suka tashi suna buga littattafansu da kansu saboda kamfanonin ɗab'i sun ja baya. Wanda ya sha wannan wahala ya cancanci a yi masa kara.

Akwai kuma tsohon tabo. A shekarun 1990 aka laƙaba wa waɗannan littattafai sunan "Adabin Kasuwar Kano", sunan da Ibrahim Malumfashi ya yayata, aka kwashe shekaru ana musayar ra'ayi a jaridu tsakaninsa da su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme. A 2007 aka ƙona littattafan hikaya a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, a 2008 kuma hukumar tace finafinai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Mutanen da suka ga haka ba abin mamaki ba ne su ɗauki duk wata suka a matsayin hari, su ga cewa taron ƙungiya shi ne wuri ɗaya da ya kamata marubuci ya huta da jifa.

Duk da haka, ina ganin matashiyar nan ta yi magana. Dalilina na farko shi ne, marubucin ne baƙo, littafinsa kuwa ɗan gari ne. Tun kafin a aika wa mai shi da goron gayyata, littafin ya riga ya shiga ɗakunanmu, ya kwana a wayoyin ƙannenmu, an karɓi kuɗinmu a kansa. An sha cewa nasiha a bainar jama'a tozartawa ce, kuma haka ne idan aibin na halin mutum ne, wanda zai iya gyarawa a ɓoye. Amma abin da aka buga aka kai kasuwa ya riga ya fito fili. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na biyu, ba don baƙon kaɗai ake yin taron ba. Mafi yawan waɗanda ke zaune a wurin masu koyo ne, sun zo su ga abin da ake kira rubutu mai kyau. Idan suka ji manya sun yabi littafin da zarensa ya tsinke, darasin da za su tafi da shi gida shi ne tsinkewar zare ba komai ba ce in dai kana da suna. Karar da aka yi wa mutum ɗaya ta zama cuta ga mutum talatin, kuma su ne za su rubuta littattafan da za a karanta nan da shekara goma.

Na uku ya fi ciwo. A yawancin ƙungiyoyin nan, ranar da ɗan ƙungiya ya karanta gajeren labarinsa, babu wanda ke tausaya masa. A tsince masa kurakuran ƙa'idar rubutu ɗaya bayan ɗaya, a ce ya haɗe inda ake rabawa, ya raba inda ake haɗewa. Ranar baƙo kuwa sai a ajiye mudun a ɗauko wani. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Ƙungiyar da ke da mudu biyu tana koya wa 'ya'yanta cewa gaskiya ta ƙananan mutane ce, wanda ya yi suna ya wuce a faɗa masa ita.

A duba yabon ma da kyau. Sau nawa mai yabon ya karanta littafin? Wanda ya miƙe ya ce littafi ya yi ma'ana ya ilmantar, ya zauna, zai iya faɗin haka a kan kowane littafi a duniya. Wadda ta gano mahaifin da ya tashi daga kabari a babi na goma kuwa, ta ba marubucin kwanakinta da hankalinta. A cikin su biyun, ita ce ta girmama shi. Abubakar Imam kansa, bayan gasar 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja, zama ya yi a Zariya tare da Rupert East ana duba aikinsa ana gyarawa, har Magana Jari Ce ya fito. Gyaran bai rage masa komai ba.

Wannan ba lasisin cin fuska ba ne. Akwai mai sukar da hassada ke tura shi, akwai mai son a ce shi ne ya ƙure wane a gaban jama'a. Irin waɗannan gara su yi shiru, ko da abin da za su faɗa gaskiya ne, domin niyyarsu ta riga ta ɓata shi. Mai gyara na gari yakan fara da abin da ya gamsar da shi, ya ambaci shafi, ya tsaya a kan littafi ya bar mutum. Yana iya cewa, "Malam, a babi na biyu na fahimci mahaifinta ya rasu, sai kuma na gan shi a gaba, ko akwai abin da ya wuce ni?" An faɗi gaskiya, an kuma bar wa baƙo ƙofar fita da mutuncinsa. Kara tana da hurumi a kan lafazi da lokaci da murya, amma ba ta da hurumin sauya hukunci.

Nauyi mafi girma yana kan shugabannin ƙungiya. Su sanar da littafin wata guda kafin taro domin a karanta. Su gaya wa baƙo tun a takardar gayyata cewa za a yi nazarin aikinsa, da daɗi da ɗaci, don ya zo da shirinsa. Su kuma kare ƙaramin da ya yi tambaya mai nauyi, kada a bi shi da harara ko a ce ba shi da kunya.

Shi ma baƙon akwai abin da ake binsa. Idan ya saurari gyara daga bakin 'yar shekara ashirin, ya ce na gode, zan duba a bugu na gaba, ya koyar da abin da ya fi duk jawabin da ya shirya. Matasan da ke wurin za su ga cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma ranar da nasu littafin ya zo hannu, ba za su ɗauki mai sharhi abokin gaba ba.