Matsayin Ɗan Haya Idan Aka Sa Gida a Kasuwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, mas'alarmu ta wannan mako ta shafi wani magidanci, mutumin Tsibiri ta ƙasar Maradun, wanda fitinar 'yan bindiga ta raba shi da garinsu, ya kama haya a Talata Mafara. Mai gidan ya rasu, magada kuma sun yi shawarar sayarwa domin su raba gado. To, shin shari'a ta ba ɗan haya haƙƙin a fara tallata masa? In kuwa an tallata masa, ya halatta ya sayar da gonarsa ta gado, ya cika da rance, ya saya?

Game da tambaya ta farko, abin da malamai ke kira shufu'a shi ne haƙƙin abokin tarayya ya karɓi rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, a bisa kuɗin da aka saya. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda Ibnu Abi Zaid ya bayyana a cikin Risala, shufu'a tana tabbata ne a kan dukiyar da ba a raba ba. Maƙwabci ba shi da ita, sai a wajen Hanafawa, balle ɗan haya wanda amfanin gida kaɗai ya mallaka. Amma fa a lura, mutuwar mai gida ba ta warware haya, haka nan ciniki. Idan an ƙulla shekara, wanda ya saya sai ya haƙura har wa'adin ya cika.

Wannan shi ne iyakar hukuncin alƙali, sai dai Musulunci bai tsaya nan ba. Buhari ya ruwaito cewa Abu Rafi'u yana da ɗakuna biyu a gidan Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. An taya masa dinari 500, amma ya sallama wa Sa'adu a kan dirhami 4,000, biya kaɗan-kaɗan, don kawai ya ji Annabi (S.A.W.) ya fifita maƙwabci saboda kusancinsa. Wane ne ya fi kusa da gida kamar wanda ya yaɓe rufinsa kowace damina, aka raɗa wa 'ya'yansa suna a ƙofarsa? Saboda haka ya kamata magada su fara sallama da shi, su kuma ba shi lokaci.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi. Rance mai ruwa haramun ne, ƙarshen Suratul Baƙara ya yanke wannan magana, kuma tsoron tashi daga gida bai kai larurar da za ta halatta shi ba muddin akwai wata hayar. Rance marar ruwa halal ne, akwai kuma bankunan Musulunci irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012. Duk da haka a tuna Annabi (S.A.W.) ya ƙi sallatar gawar wani mai bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Gona kuwa, a lokacin fitina arha ake sayar da ita, alhali ita ce abincin iyali ranar da Allah Ya kawo sauƙi. Wanda ya sayar da rumbu ya sayi ɗaki, yana iya kwana a inuwa da yunwa.

Shawararmu ita ce, ya yi lissafi, ya shawarci iyalinsa da masana, ya yi istihara. Idan abin hannunsa ya isa ba tare da riba ko salwantar da gona ba, ya saya, Allah Ya sa albarka. Idan bai isa ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Zaman haya ba abin kunya ba ne ga mumini.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa. Wassalamu alaikum.