Dutsen Zagami Da Rumbunan Yusufu

Karanta Farawa sura 11 da sura 41, da Zabura ta 8.

Akwai wata magana da ta ke yawo a bakin samarinmu a nan Dodoru da sauran garuruwan ƙasar Gwandu har zuwa Kalgo. Sun gani cikin wayoyinsu wai masana suna neman masu rai a waɗansu duniyoyi. Sai su zo da tambaya, su ce in an same su fa, ina matsayin Littafi Mai Tsarki? Dattawa kuwa tasu maganar daban ce. Su cewa su ke yi hawa sama shisshigi ne cikin al'amarin Allah, ɓarnar dukiya ce kuma, alhali ga yunwa a ƙasa. Ba mu raina maganar kowa ba. Amma kafin mu amsa, bari mu fara ganin yadda abin ya taɓa ƙasarmu, gama mutane da yawa suna tsammani labarin Turawa ne kaɗai.

Ran 3 ga Oktoba 1962, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa kusa da Zagami, a lardin Katsina. Sai ya ji ƙara mai tsanani, wani abu ya faɗi 'yan taku kaɗan daga inda ya ke tsaye, ƙura ta tashi. Da aka tona ramin sai ga dutse, nauyinsa wajen kilo 18. Shekaru suka wuce kafin masana su gane asalinsa. A 1976 Amurka ta saukar da na'urori biyu masu suna Viking a kan duniyar Mars, suka auna irin iskar da ke can. Daga baya aka tarar da 'yar iska ƙulle cikin irin waɗannan duwatsu, aka gwada, ta yi daidai da ta Mars. Ashe abin da ya kusa kashe manomin nan ɓallin wata duniya ne. Wani babban dutse ne ya bugi Mars tun da daɗewa, ɓaraguzai suka fantsama cikin sarari, ɗaya ya yi ta yawo har ya sauka a gonar Bahaushe.

A cikin wannan shekara kuma, ran 20 ga Fabrairu, Ba'amurke John Glenn ya kewaya duniya sau uku cikin kumbonsa. Ɗaya daga cikin tashoshin da ke bin sawunsa suna magana da shi a Kano aka kafa ta. Sa'anda ya ratsa ta bisa ƙasarmu ya gaya wa mutanen tashar yana hangen ƙura tana tashi a ƙasa, suka amsa masa lalle an yi mako ana iska mai ƙarfi. Hazon hunturunmu ke nan ya gani daga sama, wannan da ke fasa mana leɓe da dugadugai. Shekara ta zagayo, a Agusta 1963, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta waya da Shugaba Kennedy, muryarsu ta bi ta tauraron ɗan Adam mai suna Syncom 2. Su ne shugabannin gwamnati na fari da suka yi zance ta wannan hanya.

To, ga samarinmu mu ke fara magana. Har yau ba a sami mai rai ko ɗaya a wata duniya ba. Wannan ita ce gaskiyar al'amarin, kome hoton da aka turo maka a waya. A 1995 aka fara gano wata duniya tana kewaya tauraro irin ranarmu, kafin ƙarshen 2022 kuwa waɗanda aka tabbatar sun wuce 5,000. A 1996 waɗansu masana sun ce sun ga alamar ƙwayoyin rai cikin wani dutsen Mars da aka tsinta a ƙasar ƙanƙara ta can kudancin duniya, aka yi ta gardama, yawancin 'yan'uwansu masana ba su gamsu ba. A 2021 motar bincike mai suna Perseverance ta sauka a Mars, a wurin da a ke ganin tafki ne a dā, a 2025 kuma aka ba da labarin wani dutse mai ɗigo-ɗigo wanda mai yiwuwa ne ƙwayoyin rai suka bar shi haka. Su masu binciken da kansu sun ce ba tabbas tukuna. Ka lura kuma, abin da su ke nema ƙananan halittu ne waɗanda ido ba ya gani. Ba mutane masu manyan kawuna ba ne irin na majigi.

In kuwa wata rana an samu, me zai rage wa bangaskiyarmu? Tun da can mun sani ba mu kaɗai Allah ya halitta ba. Mala'iku masu rai ne, masu hankali ne, ba 'ya'yan Adamu ba ne kuwa, wannan bai taɓa girgiza Ekklesiya ba. Manzo Bulus ya koya wa Kolosiyawa cewa babu wani abu, ko ido ya kai gare shi ko bai kai ba, da ya kasance ba ta wurin Kristi ba. Ba a ba mu Littafi domin ya lissafta mana dukan abin da ke cikin taskar Allah ba. An ba mu shi domin mu san Mai taskar, mu san hanyar ceto. Yaron da ya girma ya gane gonar ubansa ta fi yadda ya zata faɗi, ai ba ya cewa uban ya yi masa ƙarya.

Ga dattawanmu kuwa, da girmamawa mu ke cewa duban sama ba zunubi ba ne. Allah da kansa ya fito da Ibrahim waje da dare ya sa shi ya ɗaga kai ya gwada ƙirga taurari. Dawuda makiyayi ne mai kwana a fili, daga kallon wata da taurari ya koyi ƙanƙantar mutum da girman alherin da aka yi masa. Abin da aka hana shi ne yi musu sujada, da zuwa wurin masu duba su karanta mana rabo a cikinsu. Kakanninmu ma sun lura da fitowar Kaza da 'Ya'yanta da gamzaki, suna auna lokaci da su, ba wanda ya kira wannan saɓo. John Glenn dattijon Ekklesiya ne. Buzz Aldrin, wanda ya sauka a kan wata tare da Neil Armstrong a Yuli 1969, shi ma dattijo ne, ya tafi da gurasa da ruwan inabi daga Ekklesiyarsu, ya ci Jibin Ubangiji a can kafin ya taka ƙasar wata.

Amma rabin maganar dattawa tana da nauyi ƙwarai, a nan kuwa ya kamata mu daɗe. Ana gobe kumbon Apollo 11 zai tashi, wani Fasto baƙin mutum, Ralph Abernathy, abokin aikin Martin Luther King, ya zo bakin filin tashi da iyalai matalauta da amalanken alfadarai. Ya ce bai zo domin ƙin tafiyar ba, ya zo ne ya tuna wa ƙasarsa da masu kwana da yunwa. Shugaban hukumar, Thomas Paine, ya fito ya same shi, ya ce da ƙin danna maɓallin tashi zai warware wahalar talakawa, da ba za su danna ba. Dukansu biyu sun faɗi gaskiya. Shirin Apollo ya ci wajen dala biliyan 25. A watan nan da aka taka wata, yara suna mutuwa da yunwa cikin yaƙin basasar ƙasarmu.

Littafin Farawa ya ajiye mana manyan ayyuka biyu na gini. A Babila mutane sun haɗa kai, sun iya gasa tubali, sun nufi sama. Ba gwanintarsu ce laifin ba. Suna su ke nema wa kansu. Mu sani fa, tseren zuwa wata tsakanin Amurka da Rasha yawancinsa neman suna ne, kowa yana so duniya ta ce shi ne gaba. A Masar kuwa Allah ya ba Yusufu sanin abin da ke zuwa, shekara bakwai na ƙoshi da bakwai na yunwa. Bai zauna yana jin daɗin saninsa ba. Ya mai da shi rumbuna, ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa, ya ajiye hatsin a biranen da ke kusa da gonakin, inda mai jin yunwa zai iya kai wa gare shi. Har 'yan'uwan da suka sayar da shi sun ci daga ciki. Da wannan ma'auni mu ke auna kowace roka da aka harba: hasumiya ce ko rumbu?

Akwai rumbu cikin aikin nan, kada mu yi musu. Taurarin ɗan Adam suna kallon gajimare dare da rana, suna ganin hadari tun yana haɗuwa a gabas, suna ganin kogi yana cika tun daga nesa. Nijeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya a 1999, ta harba tauraronta na fari, NigeriaSat-1, daga Rasha a Satumba 2003. Wanda aka harba daga Sin a 2007 domin sadarwa ya lalace a 2008, aka maye gurbinsa a 2011. Wannan aiki da ke duban ƙasa domin mazaunanta mu a ganinmu shi ya kamata ya riƙa cin kason fari na kuɗin ƙasa irin tamu. Neman ƙwayoyin rai a Mars abu ne mai kyau, ba mu hana mai hali ba, amma ba da kuɗin rijiyar ƙauye ba.

Duk da haka mun tuna da daminar 2020 a jihar Kebbi. Ruwa ya cika fadamun Rima da na Kwara, ya shanye shinkafar mutane ana dab da girbi, gidaje suka rushe, waɗanda suka ci bashi domin noma suka tashi hannu wofi. Na'urori suna sama a shekarar nan, masana kuma sun yi gargaɗi tun kafin damina. Sanin yana nan, amma tsakanin ofis da bakin fadama akwai tafiya mai nisa. Hatsin Yusufu da an tara shi duka a fadar Fir'auna, an kulle ƙofa, da mutanen karkara sun mutu ga abinci a ƙasarsu.

Ga kuma wani abu da ya ba mu kunya a madadin 'yan Adam duka. A Nuwamba 2023 aka tsinci wani dutsen Mars a hamadar Agadas ta Nijar, nauyinsa ya kusa kilo 25. A Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a birnin New York, ya tashi a kan fiye da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita daga ƙasar. Dutse ne, ba ya numfashi, Kristi bai mutu dominsa ba. Na Zagami ma an yanka shi gunduwa-gunduwa, yana ajiye a ɗakunan masana na ƙasashe da yawa, an rubuta nauyinsa da ranar faɗuwarsa. Mutumin da ya tsaya kusa da shi, wanda aka yi cikin kamanin Allah, labarin yakan ce da shi “wani manomi” kawai.

Ba mu da roka a Dodoru, ba mu ne ke raba kuɗin ƙasa ba. Amma tafiyar nan da ta rage tsakanin ofis da fadama, ita kam muna iya yin ta. Kowace shekara kafin damina hukumar kula da yanayi, NiMet, takan fitar da hasashen lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa jiha jiha, hukumar NIHSA kuma takan faɗi wuraren da a ke tsoron ambaliya. Samarin nan masu neman labarin halittun sama a waya, bari dattawan kowace Ekklesiya su ba biyu daga cikinsu aikin nemo abin da aka faɗi a kan Kebbi, su juya shi da Hausa mai sauƙi, a karanta bayan sujada ran Lahadi kafin a fara shuka. Su faɗa a fili cewa hasashe ne, yakan yi kuskure, ruwa na Allah ne. Kada kuma ya tsaya cikin majami'a. A kai shi wurin mai unguwa, a faɗa wa maƙwabtanmu Musulmi waɗanda gonakinsu ke iyaka da namu, a maimaita shi ran kasuwa. Wanda gonarsa ke cikin kwari ya ji tun da wuri, ya san irin da zai shuka da inda zai kafa rumbunsa.