Sulhu Da Haƙƙin Ma'aikaci

Masaƙar KTL ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya a 2002. Ma'aikatanta suka shekara da shekaru suna jiran kuɗin sallama, wasu har suka rasu ba su karɓa ba.

Suratul Hujurat ta umarci muminai da sulhu, amma bisa adalci. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya rubuta wa alƙalinsa Abu Musal Ash'ari cewa sulhun da ya halatta haram ba ya inganta. Saboda haka matsa wa mayunwaci ya bar rabin guminsa don jira ya ishe shi, zalunci ne. Wanda ya rasu kuwa, haƙƙinsa ya zama gado, kuma waliyyi ba shi da ikon yafe rabon maraya.