Sauƙin Zuciya Shaidar Gaskiya Ne?

Akwai wata magana wadda dattawan ekklesiya su kan ji sau da yawa sa'ad da su ke sulhunta 'yan'uwa. Mutum ya riƙe kuɗin gwauruwa, ko ya ci iyakar gonar maƙwabcinsa. In aka kira shi, sai ya dafa ƙirji ya ce, "Ni dai zuciyata ba ta kashe ni ba. Barcina na ke yi lafiya." Sau da yawa kuwa ba ƙarya ya ke yi ba, da gaske ba ya jin nauyin kome. To, ga tambayarmu ta wannan wata: wanda ba ya jin nauyi a lamirinsa, ya tabbata ke nan ba shi da laifi? Bari mu nemi haske daga wani abu da Allah ya sa cikin halittarsa.

A shekara ta 1687 wani masani na Ingila mai suna Ishaku Newton ya bayyana cewa kowane abu mai jiki yana jan ɗan'uwansa. Ƙarfin da ke jawo mangwaro daga reshe zuwa ƙasa, shi ne ke riƙe da wata kada ya ɓace. Ba igiya, ba sarƙa, amma jan yana nan dare da rana.

Ran 12 ga Afrilu 1961 Yuri Gagarin, mutumin Rasha, ya zama na fari da ya kewaya duniya cikin kumbo. Tun Nuwamba 2000 kuma ba a rasa mutane cikin babbar tashar nan ta sararin sama ba, wadda ke tafiya kamar mil 250 bisa kanmu. Mazaunanta suna shawagi kamar audugar rimi, ba mai jin nauyin jikinsa. Mutane da yawa suna tsammani wai sun wuce inda jan duniya ya ke kaiwa. Ba haka ba ne. A can, jan duniya bai ragu ƙwarai ba, yana da wajen kashi 9 cikin 10 na ƙarfinsa a nan ƙasa.

Me ya hana su jin nauyi? Faɗuwa su ke yi. Tashar tana faɗuwa, su ma suna faɗuwa tare da ita. Amma da ya ke tana gudu a kaikaice wajen mil 17,500 cikin awa ɗaya, doron duniya yana lanƙwashewa a ƙarƙashinta daidai yadda ta ke faɗuwa, sai ta yi ta kewayawa, kowace kewaya kamar minti 90.

Ga misali mai sauƙi. A ce mutum ya hau sikelin awon gyaɗa, allura ta nuna nauyinsa. In aka sake shi da sikelin gaba ɗaya cikin rijiya mai zurfi, allurar za ta koma kan sifiri, gama sikelin ba ya tokare ƙafarsa kuma. Ashe abin da mu ke ji muna ce da shi nauyi, tokarar ƙasa ce a tafin ƙafarmu. Mai tsayawa shi ke jin nauyi. Mai faɗuwa ba ya ji.

Ya ku 'yan'uwa, haka sha'anin lamiri ya ke. Shari'ar Allah ba ta raguwa domin mutum ya daina jin ta. Yunana yana gudu daga umarnin Ubangiji, hadiri yana neman farfashe jirgi, shi kuwa yana can ciki yana sharar barci. Dauda ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijin, har aka haifi yaro, bai tuba ba sai da annabi Natan ya zo. Har ya husata da mai arzikin da ke cikin misalin Natan, bai gane kansa ba ne. Manzo Bulus kansa, cikin 1 Korintiyawa 4:4, ya nuna cewa ko da ya ke bai san wani laifi a kansa ba, wannan bai isa ya baratar da shi ba.

Ku lura kuma, 'yan sama jannatin nan ba su ga alamar faɗuwa a junansu, domin dukansu tare su ke faɗuwa. Ga wani abu mai kama da wannan a wajen lantarki. Tsuntsu ya kan sauka kan waya mai ƙarfin kashe sa, bai ji kome ba, gama ƙafafunsa biyu suna kan waya ɗaya, lantarki bai sami bambancin da zai sa ya ratsa jikinsa ba. In dukan abokan mutum masu cin hanci ne, zai auna kansa da su, ya ga ba bambanci, ya ce lafiya lau.

Watakila wani zai ce, "Ai Yesu ya yi alkawarin hutu ga masu nauyin kaya. Kana so mu zauna kullum cikin baƙin ciki ne?" A'a. Sauƙi iri biyu ne. Akwai na wanda aka sauke wa kaya, yana tsaye da ƙafarsa a ƙasa. Akwai kuma na wanda ya faɗi tare da kayansa. In ji kaɗai za a bi, da wuya a rarrabe su. Albert Einstein ya lura a 1907 cewa mai faɗuwa ba ya jin nauyin kansa, in kuwa yana cikin akwati rufaffe, sai ya leƙa waje kafin ya san halin da ya ke ciki. Mu ma muna da tagogi uku: Maganar Allah, gargaɗin 'yan'uwa masu aminci, da fuskar wanda mu ka yi ma'amala da shi. Zakka ya sami sauƙi na gaske, shaidarsa kuwa ita ce ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta riɓi huɗu. Kai mai cewa zuciyarka ba ta kashe ka ba, gwauruwar nan me ta ke cewa?

Wani kuma zai ce, "Na daɗe a haka, ba abin da ya same ni." Amurka ta harba tasha mai suna Skylab a 1973. Shekara 6 tana kewayawa, 'yar iskar da ke can sama tana rage mata gudu kaɗan kaɗan, har a Yuli 1979 ta wargaje, gutsattsarinta su ka zube a yammacin Ostireliya. Jinkiri ba kuɓuta ba ne. Rashin nauyi kuma yana cin jiki a ɓoye: ƙashin 'yan sama jannati ya kan rage ƙarfi, sai sun motsa jiki kamar awa 2 kowace rana. Lamirin da ya daɗe bai ɗauki kome ba, haka ya kan raunana.

Kai kuwa ɗan'uwa wanda zunubinka ya dame ka, kada ka fid da zuciya. Nauyin nan da ka ke ji alama ce akwai hannu a ƙarƙashinka wanda bai sake ka ba. Ka kai kayan wurin Yesu, ka je ka gyara abin da ka ɓata. Ubangiji ya ba mu lamiri mai ji, ya kafa ƙafafunmu bisa dutse. Amin.