Sa'ad da Murya Biyu Suka Saɓa

Karatu: 1 Sarakuna 13:7-30, Ayyukan Manzanni 5:27-32



Matuƙin jirgin sama mutum ne mai biyayya. Tun daga tashinsa har saukarsa, akwai ma'aikaci a ƙasa, mai kula da zirga-zirgar jirage, wanda yake faɗa masa ta rediyo tsayin da zai bi da inda zai juya. Matuƙin bai san fuskarsa ba, duk da haka yakan maimaita umarnin, ya aikata. Da wannan biyayya dubban jirage suke wuce juna kowace rana lafiya. Mu ma mukan ce bin na gaba bin Allah ne, manzo Bulus kuma ya koya mana a Romawa 13 mu yi biyayya ga masu iko. To, ranar da umarnin na gaba ya nufi hallaka fa?

A daren 1 ga Yuli, 2002, jirage biyu suna tafiya a tsayin ƙafa 36,000 a sararin kudancin Jamus, kusa da garin Uberlingen. Ɗaya na kamfanin Bashkirian ne na Rasha, ya taso daga Mosko zuwa Basalona da mutum 69, yawancinsu 'yan makaranta daga birnin Ufa za su hutu. Ɗayan na ɗaukar kaya ne na kamfanin DHL, da matuƙa biyu, daga Italiya zuwa Beljiyam. Mai kula da su yana Zurik ta ƙasar Suwizalan, shi kaɗai yana aikin mutum biyu. Ana gyaran na'urorin wurin a daren nan, layin tarho kuma ba ya aiki. Saura ƙasa da minti ɗaya su haɗu sa'ad da ya lura, sai ya gaya wa jirgin Rasha ya yi ƙasa da sauri.

Kowane cikin jiragen yana da na'urar hana karo, wadda matuƙa suke kira TCAS. Na'urorin nan sukan yi magana da juna a sama, su raba hanya, wannan ya hau, wancan ya sauka. 'Yan daƙiƙu bayan umarnin ma'aikacin, na'ura ta ce wa jirgin Rasha ya hau, ta ce wa na DHL ya sauka. Matuƙan DHL suka bi na'urarsu. A jirgin Rasha, mataimakin matuƙi ya tuna wa manyansa cewa na'ura tana cewa a hau, amma ma'aikacin ƙasa, wanda bai san abin da na'urar ta faɗa ba, ya sake ba da umarnin sauka. Suka bi shi. Jiragen biyu suka sauko tare, suka yi karo. Mutum 71 suka rasu, yawancinsu yara ne.

Kada mu yi saurin ganin laifin matuƙan nan. Ƙwararru ne, kuma littafin aikinsu ya nuna musu cewa na'urar mataimakiya ce kawai, maganar ma'aikacin ƙasa ita ce gaba. Abin da aka koya musu suka yi. Bayan haɗarin, a shekarar 2003, Hukumar Jiragen Sama ta Duniya ta fayyace doka: in na'ura ta ba da umarnin kaucewa, matuƙi ya bi ta ko da ma'aikacin ƙasa ya faɗi akasin haka, sa'an nan ya sanar da shi. An yanke maganar tun a ƙasa, gama a cikin daƙiƙa arba'in babu lokacin shawara.

Karatunmu na yau ya nuna mana mutumin Allah daga Yahuza wanda aka aika Betel a zamanin sarki Yerobowam. Ubangiji ya umarce shi kada ya ci, kada ya sha a can, kada kuma ya koma ta hanyar da ya zo. Sarki ya gayyace shi gida da alkawarin kyauta, ya ƙi. Wannan bai yi masa wuya ba, gama ya san sarki mai bagaden gumaka ne. Amma da tsohon annabi ya tarar da shi yana hutawa a gindin itace, ya ce shi ma annabi ne, mala'ika kuma ya yi masa magana, sai ya juya ya bi shi, ya ci, ya sha. A hanyar komawa zaki ya kashe shi. Wanda sarki ya kāsa juyarwa, furfura da sunan annabci suka juyar da shi.

Tsohon annabin ƙarya ya yi. Ma'aikacin Zurik kuwa ceton rai yake nema, abin da yake faruwa a sama ne bai gani ba. Wannan ya fi ba ni tsoro, domin yawancin waɗanda za su ba ka umarnin da ya saɓa wa Maganar Allah masu ƙaunarka ne. Kawunka ne zai ce a kai yaro wurin boka. Maigidanka, wanda ya ɗauke ka aiki, shi zai ce ka sa hannu a takardar kayan da ba su iso ba. Wani baƙon mai wa'azi zai ce 'yar'uwa ta daina shan maganin asibiti don ta nuna bangaskiya. Ka kuma tuna cewa matuƙan DHL sun yi daidai, duk da haka sun mutu. In ka bi umarnin da bai kamata ba, akwai wani a hanyarka wanda bai san kome ba, shi ma zai sha wahalarsa.

Wani zai ji wannan ya ce ya sami hujjar raina fasto da iyaye. A'a, ɗan'uwa. Matuƙi yakan yi watanni bai ji irin wannan umarni daga na'ura ba, kuma da zarar hatsari ya wuce yakan koma tsayin da aka ba shi. Akwai kalma guda da aka tanada masa, ma'anarta ba zan iya ba. Yakan faɗe ta a fili, ya ba da dalili, ba tare da zagi ba. Haka Bitrus da manzanni suka yi a gaban majalisa. Sun tsaya, sun bayyana wa babban firist cewa umarnin Allah yana gaba da na mutane, suka karɓi bulala. Muryar da muke magana a kanta ita ce abin da yake a rubuce a Littafi Mai Tsarki, wanda kowane ɗan'uwa zai iya buɗewa ya gwada. Mafarkinka da fushinka ba sa cikin wannan. Wanda bai saba karanta Maganar da safe ba, da me zai gane saɓanin sa'ad da dattijo ya tsaya a kansa yana cewa yi maza?

Addu'a: Ya Uba, ka kiyaye matuƙan jirage da masu kula da su a ƙasa, musamman masu aikin dare cikin gajiya. Ka ta'azantar da iyayen yaran Ufa. Ka ba shugabanninmu tawali'un sauraron ƙarami in ya yi magana, mu kuma ka ba mu bakin da zai ce ba zan iya ba cikin ladabi. Cikin sunan Yesu. Amin.